Ina da damar ƙin sayar wa ɗan sanda shayi?

TAMBAYA: Barista, barka da aiki. Ni mai shayi ne a Zariya, ina fitar da tebur daga magariba zuwa tsakar dare. Akwai wasu 'yan sanda masu sintiri da suka mayar da wurina gidan cin abinci. Su ci Indomie da ƙwai, su sha shayi mai kauri, in an zo biya su ce "rubuta". Littafi ya cika, ban ga sisi ba. Wani ɗalibi da ke zama wurina ya ce a Amurka masu shaguna korar 'yan sanda suke yi, wai ni ma in rubuta "Ba a sayar wa ɗan sanda" in manna. Doka ta ba ni wannan damar?

AMSA: Malam, Allah ya ba da kasuwa. A taƙaice, babu dokar da ta tilasta maka sayar wa ɗan sanda shayi. Amma takardar nan, ban ba ka shawarar manna ta ba.

Ciniki yarjejeniya ce, sai mai saye da mai sayarwa sun yarda. Jera biredi da gwangwanayen madara a kan tebur, a idon doka, gayyata ce ga mai son saye ya zo ya taya; kai ke da ikon sallamawa ko ka ce albarka. Shari'ar Musulunci ma a nan ta tsaya, domin aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta ɗora halaccin fatauci a kan yardar juna. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999, wanda ya hana wariya, ya lissafa abubuwansa ne: al'umma, ƙabila, asalin mutum, jinsi, addini da ra'ayin siyasa. Sana'a ba ta ciki, kaki ba ya ciki. Kuma ainihin sashen dokoki da ayyukan gwamnati ya nufa.

Akwai masu sana'ar da ba su da irin wannan sakewa. Asibiti ba ya korar wanda ke cikin halin gaggawa, ɗan sanda ne ko ɓarawo, haka Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce. Mai otal ma, a ƙa'idar da muka gada daga Ingila, ba ya mayar da matafiyin da zai iya biya ba tare da dalili ba. Mai shayi bai shiga wannan sahun ba.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne bambancin ɗan sandan da ya zo cin ƙwai da wanda ya zo aiki. Na farko abokin ciniki ne kamar kowa. Na biyu, idan ya biyo wanda ake zargi har teburinka, ko ya zo bincike bisa doka, tare masa hanya laifi ne a Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Matsalar kuwa mutum ɗaya ne, kaki ɗaya ne, kuma da tsakar dare shi zai fara faɗin a wace fuska ya zo.

Ɗalibin naka bai yi ƙarya ba. A Yulin 2019 an nemi wasu 'yan sanda su kauce ko su fita daga wani shagon kamfanin sayar da kofi na Starbucks a garin Tempe, jihar Arizona, don wani mai saye ya ce hankalinsa bai kwanta da su ba. Abin da ƙila bai gaya maka ba shi ne kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 launin fata, addini da asalin ƙasa ta kare a wuraren cin abinci, ba ta ambaci sana'a ba, saboda haka ba kotu ce ta sa suka janye ba, surutun jama'a ne. Wannan kamfani ne mai lauyoyi jibgi. Kai kuma kana bakin titi da risho da tukunya.

Ban ga laifinka ba da ranka ya ɓaci. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka ya nuna cewa a 2016, kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka yi hulɗa da 'yan sanda sun ba da cin hanci ko an nemi su bayar. A 2019 ya sauko zuwa kashi 33. Amma ra'ayin mutanenmu a kan 'yan sanda ba guda ba ne. Ka tuna Oktoban 2020: Legas ta cika da zanga-zangar neman rushe SARS, rundunar 'yan sanda ta musamman mai yaƙi da fashi, aka rushe ta ranar 11 ga wata, gwamnonin Arewa kuwa suka ce su sun ga amfaninta wajen yaƙi da 'yan fashi. Direban da ke zagin 'yan sanda a Kwangila da rana, in dare ya yi masa a hanyar Kaduna addu'a yake ya hango fitilarsu. Cikin masu zama a bencinka akwai wanda ƙanensa kurtu ne, akwai wanda aka taɓa ƙwato masa babur. Takardar za ta raba maka su, ta kuma haɗa da kurtun da ke biya lakadan, alhali shi bai ci maka komai ba.

Abin da ke damunka bashi ne, to bashin za ka rufe. Rubuta "Ba bashi, a biya kafin a soya", ka yi wa kowa haka, har limamin unguwa. Wannan babu mai cewa ka ware shi.

Tsohon bashin kuma bashi ne, ana binsa. Kada ka yar da littafin. Ranaku da adadin kuɗi hujja ce, in kana da suna ko lambar da ke ƙirjin mutum ka ƙara. In wani ya ce ko ka ba shi ko ya tayar maka da tebur, magana ta tashi daga bashi ta koma ƙwace ta hanyar barazana, laifi ne a kundin hukunta laifuka na Jihar Kaduna. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ɗin nan kuma ta hana kama mutum a kan saɓanin ciniki kawai.

Kada ka je ofis kai kaɗai. Ɗauki shugaban ƙungiyarku ta masu shayi ko mai unguwa, ku nemi ganin DPO, ku kai koken a rubuce, ka riƙe kwafi. Sau da yawa a nan ake kashe wutar, don ba shugaban da ke son a ce yaransa na cin ƙwan talaka kyauta. In ba a yi komai ba, akwai sashen karɓar ƙorafi na rundunar, CRU, da aka kafa a 2015, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, wadda ke da ikon ladabtar da su, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, mai ofis a Kaduna.