Wai Amina ce ta gina duk ganuwoyin ƙasar Hausa?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Sarauniya Amina ce ta gina kowace ganuwa a ƙasar Hausa, tunda ana cewa "ganuwar Amina". Ni ɗan Zazzau ne, ina alfahari da ita, amma maganar nan ba ta zauna ba.

Dubi Kano. Tarihin Sarautar Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin. Littafin kuma ya ambaci Amina ne a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, wasu masana ma suna kai ta ƙarni na 16. Ko wanne ka ɗauka, an riga ta da ɗaruruwan shekaru. Yaƙe-yaƙenta dai tabbas ne a rubuce, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace su.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda sunan mutum ɗaya ya rufe aikin dubbai. Je ka tsaya wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kuyambana a birnin Zariya, ka duba jar ƙasar nan da ruwan damina ya zaizaye. Hannun talakawa ne, kwando bayan kwando, kuma ramin da aka haƙo ƙasar shi ya zama tarko ga dawakin abokan gaba. An kewaye har da gonaki don kada yunwa ta ci gari in an yi masa ƙawanya. Ganuwar laka sai da yaɓe duk shekara, sarki bayan sarki, shi ya sa da aka daina gyara ta fara zubewa.