Leɓen karyarka da ya sauya kala

Yaro na, na ga saƙonka jiya da dare, ka ce baƙar karyar nan da na bar maka leɓenta na ƙasa ya fara yin ja-ja fari-fari alhali da baƙi ne wuluk, wai ko ciwo ne. To ka kwantar da hankalinka tukuna.

Shi leɓe kaɗai ba ya cika faɗa maka komai. Kare in ya fara manyanta baƙin bakinshi yana dusashewa, wani kuma ƙaya ce ta karce shi a dawa ko ƙashi ya yanke shi, wurin in ya warke sai ya fito da ja kafin baƙin ya dawo, wani ma har abada ba zai dawo ba. Akwai kuma wanda kwanon roba ne bai karɓe shi ba, ka sauya mata na silba ka riƙa wanke shi kullum, ka ga ko za a samu bambanci. Indai tana ci tana sha tana gudunta, wurin kuma sumul yake, to babu gaggawa.

Ni abin da nake so ka koya shi ne ɗaga leɓen ka kalli dasashi, nan ne maganar take. Na lafiyayye ja ne mai haske kuma da damshi, ka danna da yatsa zai yi fari, ka saki, cikin sakan 2 jan ya dawo. In ka ga ya yi fari fat jini ne babu, kuma a nan wajenmu Daura yawanci kaska ce ke sa masu zazzaɓin da ke cinye jini, ko tsutsar ciki musamman ga kwikwiyo. Wallahi haka na rasa karen da na fi ji da shi, na ga dasashin ya yi fari amma na tsaya ina jiƙa mashi saiwa har kwana 4, ranar da na ɗauke shi zuwa asibiti fitsarinshi ya riga ya koma kamar ruwan shayi. Har yau abin na ci mani rai, shi ya sa nake matsa maka.

In dasashin ya yi ɗorawa ciwon shawara ne, in ya yi shuɗi iska ce ba ta isarshi, wannan ko dare ne a nemi likitan dabbobi. Ja jawur da haki a ranar Afrilu kuwa zafi ne ya buge shi, ka kai shi inuwa ka jiƙa shi da ruwa sannan ku tafi asibiti. Jini na tsattsafowa daga dasashi bayan kun dawo daga farauta, ka tuna da kububuwa.

A leɓen kanshi kuma, ƙurji, ɓawo, wari, ko wani ƙullutu da ke girma, likita ya gani. Kar ka ba ta paracetamol ɗin mutane don Allah, yana iya lalata mata hanta.

Amma fa duk karen da ka ga yana dalalar da miyau halinshi kuma ya sauya, kar ka kuskura ka kai hannu bakinshi, ka kulle shi ka kira likita, haukan kare kashe mutum yake. Ita ma karyar taka allurarta ta riga-kafin haukan kare ta shekara ta kusa. Gobe da safe ka duba dasashin nata cikin hasken rana ka ɗauko mani hoto ta WhatsApp.