Dogon bututu a jijiyar yaro da daskarewar jini: Amsoshin tambayoyinku

Likita, an saka wa ɗana kanula a bayan hannu don ƙarin ruwa. Ita ma tana sa jini ya daskare? (Wani uba daga Gusau)

Malam, kwantar da hankalinka. Ƙaramar kanula ba kasafai take kawo babbar matsala ba. In wurin ya yi ja ko ya kumbura, ka nuna wa nas a sauya masa.

'Yata mai shekara shida tana karɓar maganin sankarar jini ta bututun da aka saka mata a ƙirji. Jiya hannunta na wannan gefen ya kumbura, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a ƙirjinta. Kakarta ta ce mataccen jini ne, a gasa a murza, in bai saɓe ba a kira wanzami ya yi ƙaho. (Wata uwa daga Funtuwa)

'Yar'uwa, don Allah ki kai ta asibitin da ake duba ta yau, kada ki jira ranar da aka ba ku. Kada a gasa, kada a murza, kada wanzami ya taɓa ta.

Wannan bututun ya bambanta da kanula. Dogo ne, yana bin babbar jijiya har bakinsa ya kai kusa da zuciya, shi ya sa ake iya zuba magani mai ƙarfi ta cikinsa tsawon watanni. Amma jijiyar yaro siririya ce. Bututun yana cinye mata fili, jini ya rage gudu, yana kuma gogar bangonta. Ga cutar kanta, ga wasu magungunanta irin su asparaginase, duk suna sa jini saurin daskarewa. Idan waɗannan suka haɗu, sai gudan jini ya taru a jikin bututun ya tare hanya. Jinin hannu ya rasa mafita, hannun ya kumbura, jinin ya riƙa kewayawa ta ƙananan jijiyoyin fata, waɗanda kike gani a ƙirjinta. A yara, irin wannan bututu shi ne kan gaba wajen jawo daskarewar jini a manyan jijiyoyi.

Ki gaishe da Kaka, na san tausayin jikarta ne. Sai dai gudan jinin yana can ciki, inda ƙaho ba ya kaiwa. Murza kuwa tana iya ɓalle shi ya bi jini ya faɗa huhu, yarinya ta kasa numfashi nan take. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsaga: yarinyar da magani ya raunana mata garkuwar jiki, wataƙila ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun yi mata ƙasa, a ce za a sa mata aska! Ko jini ya ƙi tsayawa, ko ƙwayar cuta ta shiga.

A asibiti za a yi sikanin jijiyar. In an ga gudan, galibi ana fara allurar heparin, wato maganin tsinka jini, a ƙarƙashin fata, a ci gaba da magani daga mako 6 zuwa wata 3, gwargwadon hali. Ba kullum ake cire bututun ba. In yana aiki kuma ana buƙatarsa, akan bar shi. In kika ga tana haki, ko fuska da wuya sun kumbura, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko tsakar dare ne ku tafi.

Jaririna bakwaini ne, an saka masa bututu ta cibiya. In ce a cire? (Wata mai jego daga Maraɗi)

A'a, maman jariri. Ta nan yake samun ruwa da magani. Gaskiya ne akasarin daskarewar jini a jijiyoyin jarirai tana da alaƙa da bututu, shi ya sa likitoci ba sa barinsa ya wuce lokacin buƙata. Kina da 'yancin tambaya kullum: har yanzu yana buƙatarsa? Kumburin ciki ko ƙafa, ko jini a fitsari, ki faɗa nan take.

Bututun wankin ƙodar ƙanena ya toshe. Wani maƙwabci mai kemis ya ce zai buɗe shi da sirinji. (Wani matashi daga Kano)

Kada ka yarda, ɗan'uwa. Zai iya tura gudan ciki, ko iska, ko ƙwayar cuta. Ku koma sashen wankin ƙoda, suna da maganin buɗe shi.

An ce asfirin yana tsinka jini. In ba ɗana don rigakafi? (Hajiya daga Jos)

Hajiya, kar ki ba shi. Asfirin ba ya maye gurbin heparin, kuma a yaro mai mura ko ƙarambau yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. In yana kan maganin tsinka jini, ko ibuprofen ko jiƙo kada a ba shi sai likitansa ya sani. Haɓon da ya ƙi tsayawa ko baƙin kashi, a kai shi asibiti.