Tambaya da Amsa: Wane Bakin Teku Ya Dace da Iyali a Hutun Bazara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun daɗe muna tara kuɗi domin mu kai yaranmu uku su ga teku, kuma hutunsa na wurin aiki ya faɗo a watan Afrilu. Babban yaron shekararsa 11, na tsakiya 7, autar kuma 3. Mun duba a intanet mun ga masaukai masu rahusa a wurare uku: Antalya ta Turkiyya, Hurghada ta Masar da kuma tsibirin Zanzibar na Tanzaniya. Na Zanzibar ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, har abin ya sa na fara ɗari-ɗari, shi kuwa maigida ya ce kada mu bari damar ta wuce. Wanne ya kamata mu zaɓa, kuma me za mu lura da shi kada kuɗin ya ƙare mana a hanya?

Daga wata uwa mai 'ya'ya uku

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ɗari-ɗarin da kika yi yana kan hanya, amma shi ma maigida bai yi kuskure ba da ya zuba ido a kan rahusa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne, duk bakin tekun da farashinsa ya faɗi tsakanin Maris da Mayu akwai dalilin da ya sa ya faɗi, domin masu otal ba sa rage kuɗi don tausayi. A wani wuri sanyin ruwa ne, a wani wuri damina, a wani wurin kuma iska ko zafi. Aikinku shi ne ku gano dalilin, sannan ku duba ko aibi ne da iyalinku za su iya zama da shi har tsawon mako guda.

Mu fara da Zanzibar, tunda a kanta kuka saɓa. Gaɓar gabashin Afirka tana da damina biyu, kuma babbar tana sauka ne daga Maris zuwa Mayu, Afrilu na tsakiyarta. Ruwan tekun yana da ɗumi, babu gardama a kan wannan, sai dai ruwan sama na iya yini yana zuba, jiragen ruwa masu kai baƙi yawo su fasa fita, wasu masaukai ma rufewa suke yi su yi gyare-gyare kafin baƙi su dawo. Ga ma'aurata su biyu da ba su damu da zaman ɗaki ba, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai yara uku kuwa, waɗanda aka yi musu alkawarin wasa a rairayi, kwana uku a jere cikin ɗaki ɗaya ya isa ya ɓata tafiyar gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, tun daga watan Oktoban 2024 hukumomin Zanzibar sun wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya ta tsibirin, ga kuma batun zazzaɓin cizon sauro da ya kamata a tuntuɓi likita a kansa kafin a tashi. Idan zuciyarku na can, ku ɗage zuwa tsakanin Yuni da Oktoba lokacin da sama ta washe, kuma ku nemi masauki a arewa, wajen Nungwi ko Kendwa, domin a gabashi, irin su Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa da nisa sosai na wasu sa'o'i a kowace rana.

Dalilin arahar Antalya daban ne, kuma shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, saboda hoto ba ya nuna shi. Teku ba ya saurin ɗaukar zafi kamar ƙasa, ba ya kuma saurin sakinsa. Shi ya sa ruwan Bahar Rum ya fi sanyi a ƙarshen hunturu, wajen Fabrairu da Maris, ya fi ɗumi kuma a Agusta da Satumba. A watan Afrilu za ku iske rana ta fito tas a Antalya, zafin gari ya haura digiri 20 a ma'aunin Salsiyos, amma ruwan bai wuce digiri 17 zuwa 18 ba. Ɗanki mai shekara 11 zai faɗa ya fito yana dariya. Autar kuwa, da zarar ruwan ya kai mata gwiwa za ta juyo da gudu, leɓɓanta na rawa, tana neman tawul. Wannan hukuncin ya shafi kudancin Sifaniya, yankin Algarve na Fotugal da tsibiran Girka, haka ma Agadir ta Maroko, inda Tekun Atlantika ke da sanyi a wannan lokaci.

Ba ina cewa a soke Antalya ba ne. Ƙaramin yaro da tonon rairayi da gina ɗakuna da jiƙaƙƙen yashi ya fi damuwa, ba da iyo ba, kuma rana mai sauƙi ta fi dacewa da fatarsa. Idan otal ɗin yana da wurin ninƙaya da ake ɗumama ruwansa, to an rufe giɓin. Sai dai ku rubuta musu ku tambaya ƙarara ko ana ɗumama shi a ranakun da za ku zo, domin rubuta shi a jerin kayan more rayuwa ba ya nufin an kunna. Ku kuma duba unguwar: bakin ruwan Konyaalti da ke cikin gari tsakuwa ne, rairayi mai laushi yana Lara, Belek da Side.

Hurghada ita ce ta fi kusa da abin da kuke nema. Ruwan Bahar Maliya a Afrilu yana kaiwa digiri 22 zuwa 23, zafin gari na dosar 30, ruwan sama kuwa kusan babu shi. Aibinta iska ce, wadda kan taso da ƙarfi, wani lokaci da ƙura, ta sa wanda ya fito daga ruwa ya ji sanyi ko da rana na dukansa. Akwai kuma duwatsun murjani da halittu masu ƙaya a ƙarƙashin ruwa, don haka kowane yaro yana buƙatar takalmin roba na shiga ruwa. Yawancin gaɓar garin a hannun otal-otal take, saboda haka masauki mai araha da ke layi na biyu ko na uku daga ruwa yana iya nufin hawa mota kullum ko biyan kuɗin shiga. In ni ce a matsayinku, kuma kuɗin jirgi zuwa Antalya da Hurghada bai yi nisa da juna ba, Hurghada zan ɗauka.

Na ce "in kuɗin jirgi bai yi nisa ba" da gangan, domin a nan ne lissafin iyalai da yawa ke rushewa. Mutane sukan kwatanta kuɗin ɗaki, alhali ga iyali mai mutum biyar tikiti ne yakan cinye kaso mafi tsoka. Yaron da bai kai shekara 2 ba ne kaɗai ake riƙewa a cinya, autarki ta wuce nan, kujera guda za a saya mata. Kamfanonin jirage masu rahusa kuma sukan karɓi kuɗin akwati daban, na zaɓen kujera daban, kuma uwa ba za ta so a jefa 'yarta mai shekara 3 a wani layi ita kaɗai ba. Sai batun ɗaki: galibin ɗakunan otal mutum uku ko huɗu aka amince su kwana a ciki, saboda haka farashin da kuka gani yana iya ninkawa idan kuka shigar da mutum biyar da ainihin shekarun yaran. Ku sake binciken da cikakken adadinku. Daga nan ku ɗauki takarda ku rubuta wa kowane wuri jimilla guda, wadda ta haɗa jirgi da kaya, mota daga filin jirgi zuwa masauki, ɗaki, abinci sau uku, biza, inshora, da harajin baƙi idan ana karɓa, sannan ku ware wani abu a gefe saboda larura. Sau da yawa wurin da ya zo na ɗaya a araha a shafin intanet shi ne ke komawa na ƙarshe a takarda.

A kan abinci, Antalya da Hurghada duk sun yi suna da tsarin da ake biyan kuɗi sau ɗaya ya haɗa kwana da ci da sha. Ga mai yara wannan tsari yana da daɗi, domin yaro ba ya jin yunwa bisa agogo. A wuraren da babu irinsa da araha, hayar gida mai ɗakin girki ta fi, muddin kun lissafa kuɗin shara da na hidima da ake ƙarawa a ƙarshe.

Ranar tafiya ma kuɗi ce. Bikin Ista yana yawo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu gwargwadon shekara, kuma makarantun Turai da dama a daidai lokacin suke ba da hutu, sai farashin jirgi da na otal su tashi tare. Idan maigida zai iya matsar da hutunsa zuwa mako ɗaya ko biyu bayan bikin, ku yi hakan; ruwan ma zai ɗan ƙara ɗumi. Kada kuma ku biya kuɗin da ba a mayarwa kafin bizar kowa ta fito, kuma ku duba fasfon yaran, domin ƙasashe da yawa, har da Masar, suna neman ya kasance da sauran aƙalla wata 6.

Abu guda ne ba zan yarda a yi ciniki a kansa ba, wato masu ceto a bakin ruwa. Ku zaɓi wurin da ake da su, ku koya wa yaran cewa jar tuta na nufin ba a shiga. Babban haɗari a gaɓar da igiyoyi ke karyewa shi ne wata siririyar hanyar ruwa mai ja zuwa cikin teku, wadda sau da yawa takan yi kama da wuri mafi kwanciya. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta a kan ruwa ya ɗaga hannu. Alamar Blue Flag, wadda wata gidauniyar ilimin muhalli mai hedkwata a Denmark ke bayarwa kowace shekara, tana nuna an gwada tsabtar ruwan kuma an tanadi matakan tsaro, kuma Turkiyya na cikin ƙasashen da suka fi yawan gaɓoɓi masu wannan alama.

TAMBAYA: Ina zaune a Amurka da iyalina, kuma hutun makarantar yara yana zuwa a tsakiyar Maris. Ina tunanin mu tuƙa mota zuwa Myrtle Beach ko Florida, matata kuma ta fi son Cancun ta ƙasar Meziko. Wanne ya fi sauƙi?

Daga wani magidanci

AMSA: Malam, tuƙa mota ya riga ya cire maka mafi nauyin kuɗin, domin man da zai kai mutum ɗaya shi ne zai kai biyar, ga damar ɗaukar kayan abinci da kujerun bakin ruwa daga gida. Sai dai abin da na gaya wa Malama a sama ya shafe ka. Myrtle Beach, a jihar Karolina ta Kudu, ita da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita suna da rairayi mai tsawon kusan mil 60 da masaukai masu sauƙi a Maris, saboda ruwan yana wajen digiri 13 zuwa 15, ba na wanka ba ne. Otal-otal ɗinta da dama suna da wurin ninƙaya na cikin gini, kuma a can yaran za su yini. Kudancin Florida ne ke da ruwa mai ɗumi a wannan wata, kuma shi ya sa Maris yake cikin watanni mafi tsada a can. Tsakanin biyun akwai gaɓar Tekun Meziko, irin su Gulf Shores ta Alabama da arewa maso yammacin Florida, inda rairayi fari ne, ruwan kuma da ɗan sanyi-sanyi.

Matsalar Maris ta biyu ita ce ɗaliban jami'a, waɗanda su ma a lokacin suke hutu, kuma wasu garuruwa kan cika da hayaniyarsu dare da rana. Panama City Beach da ke jihar Florida har sai da ta haramta shan giya a kan rairayi a duk tsawon watan Maris saboda abin da ta gani. Ka nemi ƙananan garuruwa, ko masauki kusa da gandun shaƙatawa na jiha, inda kuɗin shiga da na ajiye mota bai taka kara ya karya ba. Kafin ka biya, ka duba ƙarin kuɗin da wasu otal-otal ke ɗorawa a kowane dare da sunan hidimar wurin shaƙatawa, da kuma kuɗin ajiye mota.

Cancun tana da ruwa mai ɗumi, kuma lokacin mahaukaciyar guguwa a Tekun Atlantika, wanda ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, bai zo ba tukuna. Amma akwai tikitin kowa da fasfon kowa, sannan tun daga 2011 wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa da ake kira sargassum take taruwa a gaɓar Karibiyan, tana fara isowa daga wajen Maris ko Afrilu, tana ƙaruwa yayin da zafi ke shigowa, idan ta ruɓe kuma warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan uwargida ta dage, ku nemi gaɓar arewacin tsibirin Isla Mujeres ko yammacin tsibirin Cozumel, waɗanda ba sa fuskantar inda ciyawar ke fitowa, ku kuma kauce wa makon Ista, lokacin da 'yan ƙasar Meziko da kansu ke tururuwa zuwa bakin ruwa. Idan kuwa jimillar tikitin ta fi ƙarfin abin da ka ware, ka tuƙa zuwa Gulf Shores a bana, ka tabbatar masaukin yana da wurin ninƙaya mai ɗumi.