Tambaya da Amsa: Fina-finan da Mai Tura Fim Bai Taɓa Jin Sunansu Ba

TAMBAYA: Malam, ni malamin makaranta ne a unguwar Zango, nan Damagaram. Ni da abokaina biyar muna da fada, wato majalisar hira, kuma kowane daren Asabar mukan taru mu ɗora shayi mu kalli fim a kwamfuta. Mun ƙoshi da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, na Amurka kuwa tun ba a kai rabi ba mun san wanda zai mutu da wanda zai auri yarinyar. Muna son fina-finan da suka fita daban, irin waɗanda mutane kaɗan ne suka san su amma suka zama 'yan ga-ni-kashe-ninsu. Daga wace ƙasa za mu fara nema?

AMSA: Malam, na san kana jiran in ce Japan ko Koriya, amma ƙasar da zan aike ka ita ce wadda kake zaune a cikinta. Daga 1960 zuwa 1980 an yi fina-finai a Nijar waɗanda masu irin sha'awarku a Turai da Amurka suke bin sawunsu har gobe, alhali mu da aka yi su a ƙofar gidanmu yawancinmu ko sunansu ba mu taɓa ji ba. Zan rubuta sunayen yadda suke a jikin fim ɗin, domin da su ne za ku iya nema.

Ku fara da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, wanda ya fito a 1966, tsawonsa bai wuce minti 34 ba. Wani saurayi mai suna Jimi ya dawo ƙauyensu daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, wato malafa da takalma da ɗamarar bindiga, ya rarraba wa abokansa a matsayin tsaraba. Daga sa kayan sai kowa ya yar da sunan da aka raɗa masa ranar suna ya ɗauki na fim, wannan Black Cooper, wancan James Kelly, budurwar cikinsu kuma ta zama Reine Christine. Suka hau dawakai suna sata da faɗace-faɗace, wasa ya rikiɗe ya zama fitina har dattawan gari suka rasa ta inda za su ɓullo musu. Akwai wurin da za ku ga kaboyin nan a guje a kan dawakai ga raƙuman dawa a fili ɗaya da su, hoton da babu wani fim ɗin kaboyi na Amurka da zai iya ba ku shi. Na taɓa nuna wa wani dattijo shi a tsakar gida a unguwar Birni, ya yi dariya har da hawaye, sa'an nan ya ce a ƙuruciyarsu haka samari suke fitowa daga silima suna tafiya a buɗe kamar masu bindiga a ƙugu, kowa da sunan da ya aro. Abin da Alassane ya kama ke nan tun shekaru fiye da hamsin da suka wuce, kuma duk wanda ya dubi sunayen da samarin yanzu suke rubutawa a bayan babura ya san maganar ba ta tsufa ba.

Mutumin nan, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a Wagadugu a 2015, makanike ne kafin ya shiga harkar fim, kuma yana cikin waɗanda suka fara yin zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. Kwaɗi ne 'yan wasansa. A cikin Bon voyage Sim, shi ma na 1966, shugaban jamhuriyar kwaɗi ne ya tafi ziyarar aiki maƙwabciyar ƙasa, aka yi masa fareti da jawabai da duk wani tsarabe-tsaraben tarbar shugabanni, cikin minti biyar kacal, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. A cikin Kokoa kuma, wanda ya yi da 'yan tsana, filin kokawa ne irin namu, ga makaɗa ga 'yan kallo, sai dai 'yan kokawar kwaɗo ne da hawainiya da sauran ƙananan halittu. Ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa, nesa da manyan ɗakunan haɗa fim, kuma a 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na birnin Niyok ya keɓe kwanaki yana nuna ayyukansa.

Asabar ta biyu ku sa Cocorico Monsieur Poulet na 1974, wanda Bafaranshe mai shirya fim Jean Rouch ya yi tare da abokansa Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, kusan babu rubutaccen labari, abin da hanya ta kawo shi ake ɗauka. Mutum uku ne suka tashi daga Yamai a cikin wata tsohuwar akwalar Citroën da suka raɗa wa suna Patience, wato haƙuri, za su shiga ƙauyuka sayen kaji. Motar ba ta da takardu, ga 'yan sanda a kan gada, saboda haka dole su ƙetare kogin Kwara da ita ta wata hanyar. Sau uku suna ƙetarewa, kowane karo da sabuwar dabara, har da wargaza motar gunduwa-gunduwa a loda a jirgin ruwa, ga kuma wata aljana da ta sa su gaba. Duk wanda ya taɓa tura motar haya a hanyar Tanut zai ga kansa a cikin fim ɗin nan, kuma a ganina shi ne mafi daɗin kallo a cikin duk abin da Rouch ya yi kafin rasuwarsa a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004.

Akwai wani nasa da ya fi wannan suna, Les Maîtres fous na 1955, amma shi sai da gargaɗi. An ɗauke shi a wajen birnin Akra, a tsakanin 'yan ci-rani daga Nijar masu bin Hauka, wani reshe na bori wanda iskokinsa Turawan mulki ne: wannan gwamna ya hau kansa, wancan kofur, wani direban jirgin ƙasa. Akwai kumfar baki da yanka kare da cin namansa, don haka ba na yara ba ne, ba kuma na mai raunin zuciya ba. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, ɗaliban Afirka a Faris kuma suka ƙi shi, suna ganin ya zubar musu da mutunci. Mai shirya fim Sembène Ousmane na Sanagal ya taɓa gaya wa Rouch baki da baki cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Ku kalle shi da wannan zargi a zuciya, sa'an nan ku yi gardamarku a kan shayi na uku.

Oumarou Ganda, wanda Rouch ya samu yana aikin dako a Abijan ya sa shi a Moi, un noir na 1958, ya dawo gida ya yi nasa. Cabascabo labarin soja ne da ya dawo daga yaƙin da Faransa ta yi a Indocin (yankin Biyetnam), abokai suka taya shi cinye kuɗin sallama suka watse, kuma Ganda da kansa ya yi wannan yaƙi. Le Wazzou polygame shi ya fara ɗaukar babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, a 1972. Idan kuma kuna son na Hausa zalla, ku nemi Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar hukumar fina-finan Nijeriya a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018. Tafiyarsa a hankali take, ya haura awa biyu, amma ku mutanen Zango, unguwar da ayarin fatake masu bin hanyar Kano zuwa Tarabulus suke sauka, labarin yaron da aka sace aka ƙetara hamada da shi ba baƙon labari ba ne a wurinku.

TAMBAYA: Ni uwa ce, mazauniyar Sabon Gari. Ɗana ya ce akwai fim mai sunan garinmu da aka yi ta nunawa a Turai, wai babu komai a ciki sai 'yan daba. Ban gani ba, amma raina ya ɓaci. Ashe babu abin nunawa a Damagaram sai wannan?

AMSA: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki. Fim ɗin da ɗanki yake nufi shi ne Zinder na 2021, wato ɗaya sunan Damagaram, kuma wadda ta yi shi, Aïcha Macky, 'yar garin nan ce, a nan aka haife ta. Fim ne na zahiri, ba wasan kwaikwayo ba. Ta shiga Kara-Kara, unguwar da asalinta aka ware wa kutare, ta zauna da samarin da ke cikin ƙungiyoyin da ake kira palais, ta nuna su suna ɗaga ƙarfe, suna fasa dutse, wasu suna sana'ar ruwa-ruwa da man da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya daga Nijeriya, wani tsohon jagoransu kuma ya tuba ya koma kabu-kabu yana fama da abin da ya aikata a baya. Akwai ƙungiyar da ta ɗauki sunan Hitila da tutarsa ba tare da ta san ko wane ne shi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da rashin makaranta yake yi. Ban ga cin mutunci a ciki ba, domin ba ta tsaya daga nesa tana nuna su da yatsa ba, ta bar su sun yi magana da bakinsu, da Hausarsu. Inda nake tare da ke shi ne sunan: wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka garin duka ke nan, babu Birni, babu fadar Sarki, babu kasuwar Dole.

Maganin wannan shi ne a haɗa shi da wasu. Malam Saguirou, shi ma ɗan Damagaram, ya yi La Robe du temps a 2008 a kan ɗan Sarkin Fawa da gadon mahaifinsa ya faɗo masa, yana son ya sabunta sana'ar mahauta ba tare da ya saɓa wa dattawanta ba. Ita Aïcha Macky kuma tana da wanda nake ganin ya fi Zinder ratsa zuciya, L'Arbre sans fruit na 2016, inda ta juya kyamara kanta, tana matar aure da ba ta samu haihuwa ba, tana magana da mahaifiyarta da ta rasu wajen haihuwa, tana kuma sauraron wasu mata masu irin halinta game da gorin dangin miji da yadda ake ɗora wa mace laifi tun ba a gwada namijin ba. Wannan ki kalle shi tare da 'ya'yanki mata da surukanki. Sai Koukan Kourcia na Sani Magori, ɗan Galmi, wanda ya ɗauko wata tsohuwar zabiya da waƙoƙinta suka zuga samari tafiya ci-rani a da, ya roƙe ta ta bi su har Abijan ta yi musu waƙar komowa gida, mahaifinsa na cikin waɗanda ake nema. Kukan kurciya jawabi ne, in ji masu iya magana, kuma a gidajen da maza suka tafi Libiya ko Aljeriya suka daɗe babu labari, ba sai an fassara wa kowa jawabin ba.

TAMBAYA: Na kai sunayen da kuka taɓa ambata wa mai tura fina-finai a waya, ya ce bai taɓa jin su ba. In da gaske suna da kyau, me ya sa babu su a kasuwa?

AMSA: Ɗana, ba laifinsa ba ne, abin da ake tambaya shi yake ajiyewa. Tsofaffin fina-finan nan an ɗauke su ne a kan zaren fim, yawanci mai faɗin milimita 16, kuma wankinsa da haɗa shi a Faransa ake yi, saboda haka uwayen kwafin can suka zauna. Da gidajen silima suka mutu, kaset ɗin bidiyo na Kano ya cika kasuwa daga 1990, yawancinsu ba a juyo su zuwa abin da za a kalla a gida ba. 'Yan wasan ma haka aka manta da su: Al'lèèssi na Rahmatou Keïta, wanda aka nuna a bikin Kan na Faransa a 2005, ya sami Zalika Souley, Reine Christine ɗin can ta 1966, tana zaune a Yamai cikin ƙunci, bayan shekarun da ta sha zagi a titi saboda mutane sun kasa raba ta da matan banzan da take fitowa a matsayinsu.

Ka rubuta sunan Faransancin tare da sunan daraktan a YouTube, za ka tarar da wasu daga cikin gajerun, ko da hoton ya dusashe. Sababbin kuwa masu su suna raye suna aiki, kuma hanyar da ta dace ita ce ƙungiyar ɗalibai ko ta unguwa ta rubuta musu ta nemi izinin nunawa a fili, abin da sau da yawa yakan zo da daraktan kansa ya amsa tambayoyi. Cabascabo da Zabarmanci yake, na Rouch kuma da Faransanci, don haka ku zaunar da wanda ya iya harshen kusa da kwamfuta, ku riƙa tsayar da fim ɗin yana fassara muku.