Ku Tambayi Kawu: Fita shan iska a ƙarshen mako

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan fita shan iska suke, to bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Wani matashi daga unguwar Arkilla a Sakkwato ya ce: "Kawu, ni da abokaina huɗu muna son mu kafa tanti mu kwana biyu a bakin madatsar ruwan Goronyo. Na ga tanti a Facebook naira dubu 80, za a turo mini daga Legas. In biya?"

Ɗana, kar ka biya, kar kuma ku kwana. Madatsar Goronyo abin kallo ce, ban musa ba. Tun 1984 aka gama ta a kan gulbin Rima, kuma in ka tsaya a kan bangonta da hantsi sai ka ga ruwa iya ganinka. Amma yaro ma ya san halin rashin tsaron da gabashin Sakkwato yake ciki, daga Goronyo da Rabah har Isa da Sabon Birni. Wane uba ne zai runtsa alhali ɗansa yana kwance a fili can? In har za ku je, ku tambayi direbobin da ke bin hanyar a safiyar ranar, ku tafi da wuri, la'asar ta same ku a gida.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, wato tantin nan. Kayan da ba ka taɓa da hannunka ba, hoto kawai ka gani, za ka tura wa wanda ba ka sani ba kuɗin da wani ke ciyar da gidansa da shi makonni! Bara ɗan maƙwabcina ya yi irin wannan sayayyar. Aka kawo, muka taru a tsakar gida ana kafawa. Yadin kamar na lemar yara, in ka ɗaga shi sama kana hango rana ta ciki. Zif ɗin ya kuɓuce a ja na uku. Da yamma hadari ya taso da iskar nan tamu mai ƙura da ke riga ruwa zuwa, sandunan suka lanƙwashe tun ɗigo bai sauka ba. Mai kayan kuwa ya daina ɗaga waya.

Kuma ba tanti kaɗai ba. Kular ajiye ƙanƙara ta jabu ta cika kasuwa: fenti mai sheƙi, jiki shafal, ka zuba ƙanƙara da safe kafin azahar ta koma ruwan ɗumi. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramar cuta ba ce. In za ka saya, je kasuwa da ƙafarka. Ɗaga ta ka ji nauyi, ƙwanƙwasa bangonta, rufe murfin ka ji ko ya kama gam. Tanti kuma ka duba ɗinki, ka zuba ruwan buta a kai a gaban mai shago. In ya hana ka, ka san dalili. Ni dai har gobe ina cewa tabarma, gidan sauro da inuwar dogonyaro sun wadatar da mai wuni ɗaya. Sau nawa ma za ka kafa tantin a shekara? Kar in ji an ci bashi saboda hoton da za a ɗora a waya.

Wata uwa daga unguwar Mabera a Sakkwato ta rubuto: "Yarana uku sun dame ni da kuka wai 'yan ajinsu ana kai su yawo. Ba ni da hali sosai, kuma ina tsoron hanya."

Ɗiyata, kwantar da hankalinki, tsoronki yana kan hanya, kuma ba ki gaza ba. Ba sai kin bar gari ba. Ki dama fura, ki kai su Hubbaren Shehu da safe, ki gaya musu Shehu Usman Ɗan Fodiyo ne ke kwance a nan tun 1817. Daga nan ku wuce gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga tsofaffin takardu da kayan yaƙi, amma ki fara tambayar ranakun da ake buɗewa. Kuɗin Keke Napep ne kawai. Abu ɗaya nake roƙonki: in kun biya ta gadar Kwalkwalawa, kallo daga sama ya isa. Da damina gulbi ba ya wasa da yaro, ko da ya iya iyo.

Wani ya tambaya ko Argungu ta cancanci kuɗin mai in ba lokacin bikin kamun kifi ba ne. Ta cancanta. Kusan kilomita 100 ce daga Sakkwato, ga gidan tarihin Kanta, ga Matan Fada, inda ake kamun kifin, ba cunkoso. Ku haɗa kuɗin mai, ku juyo da rana tsaka.

Mai tambayar ko zai iya kunna gawayi cikin tanti saboda sauro kuwa, haba malam! Hayaƙin gawayi a rufaffen wuri kashe mutum yake yi yana barci. Sayi gidan sauro.