An katse ni a rediyo: ina 'yancin faɗar albarkacin baki?

Tambaya: Barista, ni mazaunin Tudun Wadan Zariya ne. Na buga waya wani shirin rediyo ina kukan rashin ruwan famfo, da na ce wani jami'i ya cinye kuɗin aikin sai aka katse ni, mai gabatarwa ya ce hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin na saurare. Ashe ba tsarin mulki ya ba ni 'yancin magana ba?

Amsa: Malam, ya ba ka, amma da sharaɗi. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce kowa na da 'yancin riƙe ra'ayi da karɓar labari da yaɗa shi ba tare da katsalandan ba. Sai dai a cikin sashen an ware rediyo da talabijin daban: in ba gwamnatin tarayya ko ta jiha ba, babu mai buɗe tasha sai wanda shugaban ƙasa ya sahale masa. Jarida ba ta da wannan takunkumin. Hujjar da ake kafawa ita ce zangon watsa shirye-shirye ƙayyadadde ne kuma na jama'a ne, in aka bar kowa ya hau sai tashoshi su riƙa hawa kan juna. Sashe na 45 kuma ya yarda a taƙaita 'yancin domin tsaro, zaman lafiya, tarbiyya, lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wani.

A kan wannan NBC ta tsaya. An kafa ta a 1992 zamanin Janar Babangida, ita ke karɓar takardun masu neman lasisi ta miƙa wa shugaban ƙasa, ita ke sa ido a kan abin da tashoshi ke watsawa. A ƙa'idarta, duk abin da ya fita ta bakin mai kira, tashar ce za a tuhuma. Shi ya sa za ka ga mai gabatarwa yatsansa na kan maɓalli tun kafin ka gama sallama. Kalmar "ya cinye" kuwa zargin sata ce a kan mutum takamaimai, jami'in na iya maka ku a kotu kan ɓata suna, kai da tashar. A shari'ance ba su tauye maka haƙƙi ba, domin tsarin mulki bai tilasta wa wata tasha ta ba ka makirufonta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsoron ya wuce kima, kuma hukumar ce ta shuka shi. A 2020 aka ɗaga tarar kalaman ƙiyayya daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. A 2022 NBC ta ci Trust TV tarar miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindigar daji. Ƙaramar tashar da ke rayuwa da tallan maganin gargajiya da sanarwar ɗaurin aure ina za ta samo wannan kuɗi? Dole ta riƙa katse har masu gaskiya. A watan Mayun 2023 Mai shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya soke tarar naira 500,000 da aka ɗora wa tashoshi 45 a 2019, ya ce NBC ba kotu ba ce, ba za ta zama mai ƙara kuma alƙali ba. Ni ina tare da wannan hukunci, musamman da yake sashe na 22 ya ɗora wa kafofin yaɗa labarai aikin bin diddigin gwamnati. Gwamnoni ma ba su da hurumin rufe tasha. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe wasu a 2022, NBC da kanta ta ce an saɓa doka.

Idan za ka sake kira, faɗi abin da idonka ya gani: sunan unguwa, tsawon lokacin da famfo ya ƙafe, nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka. Sannan ka tambaya a fili ina kuɗin aikin suka shiga. Maganar wanda ya ci kuwa, in kana da takarda a hannu, kai ta ɗakin labarai su bincika, ko ka nemi bayanan kwangilar a rubuce ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011.